Katin Mahfuza

Wata biyu ana ce mini "da sauƙi" a waya, ni kuma ina Batsari ina yarda, don yardar ta fi mini sauƙi a kan hawa hanyar Safana. Ranar da na daure na je Safana, a bayan randa na tarar da ƙanwata Mahfuza a gidan aurenta. Ta dunƙule tsakanin randar da bango, ta toshe kunnuwa da tafin hannu, tukunyar wake tana ta ƙauri a kan murhu. Ba kuwa wani abu ne ya faru ba. Ɗan acaɓan da ya kawo ni ne ya ɗan jima a ƙofar gida bai kashe babur ba.

Na sauke tukunyar, na durƙusa a gabanta.

"Mahfuza, ni ce. Yaya Zuwairatu ce."

Ta dube ni kamar mai son tuna inda ta san ni. "Yaya, su nawa ne?"

"Su wa?"

"Masu baburan."

"Ɗan acaɓa ne guda ɗaya, ya ma tafi."

Sai da na rantse mata sau biyu sannan ta sauke hannuwanta.

A farkon damina aka tare motarsu a hanyar dawowa daga Zakka, inda ta je suna, aka shige daji da ita da wasu mata huɗu. Kwana goma sha tara ta yi. Abin da ya same ta a can ba ta faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Mijinta Malam Armaya'u, malamin firamare ne, ya sayar da gonar gadonsa ya fanso ta. Aka zo barka, aka yi addu'a, aka watse. A wajen mutanen gidan magana ta ƙare ke nan, tunda ga ta nan da ƙafa biyu da hannu biyu.

Surukarta Hajiya Gambo ta fito daga ɗakinta tana jan carbi, muka gaisa, na tambayi jiki da ƙafa da yara.

"Lahiya lau, Zuwairatu. Kin dai ga abin da muke fama da shi. Wake na uku ke nan a satin nan. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi. Ni dai na ce mata ta rage sa abu a rai. Ita kaɗai aka taɓa ɗauka a ƙasar nan? Matar Nasiru mai nama wata guda ta yi, ga ta can tana suyar awara."

Na ce, "Inna, ai kowa da irin zuciyarsa."

"To Allah shi ba mu mai ƙwari," in ji ta, ta koma ɗaki.

Ni ba likita ba ce. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi, in lokacin rigakafi ya zo kuma in bi gida-gida da akwatin allura. Amma wannan ɗan aikin ya sa na saba da ma'aikatan asibitinmu. Da na koma Batsari na samu Malam Haliru, mai kula da ƙaramin asibitin da muke karɓar kayan rigakafi, na zayyana masa komai. Ya gama saurare na, sannan ya ce ba iska ba ce, ba kuma hauka ba. Firgici ne ya zauna mata a zuciya, kuma ya ga irinsa ya fi a ƙirga tun da aka fara wannan masifa. Ya ce akwai masana halayyar ɗan'adam da ke aiki a manyan asibitoci, aikinsu ke nan. Ba allura suke yi ba, zama suke yi da mutum, su saurare shi, su bi da shi a hankali har abin ya sake shi.

"Sai dai fa ba su da yawa," in ji shi. "Nemansu ma aiki ne."

Aiki ne kuwa. Mako biyu na yi ina bin lambobin waya kamar mai bin sawun akuya. Wannan ya ce ba su da irin wannan ma'aikaci, in gwada Katsina. A Katsina wani ya ce nasu ya tafi ƙarin karatu. Wata ta ce ai likitan mahaukata nake nema, in kawo ta a ɗaure ranar Litinin, na kashe wayar ban ko yi mata sallama ba. Sabis ɗinmu kuma sai ka fita bakin titi ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. A ƙarshe dai aka haɗa ni da wani babban asibiti a Katsina, inda wata Malama Lubna take ganin irin waɗannan marasa lafiya ranar Talata da Alhamis. Wanda ya ɗauki wayar, Zaharaddeen, shi ne mai kula da teburin masu inshora, kuma Allah ya yi masa haƙuri.

"Mijinta ma'aikaci ne?" ya tambaye ni.

"Malamin makaranta ne."

"To ai da sauƙi. In yana cikin inshorar lafiya, da shi da matarsa da yara duk suna ciki, kuma muna karɓa. Ku zo da katinta, da takardar turawa daga asibitin da aka yi musu rajista. Shi ke nan."

Ranar har rangwame na yi wa masu sayen ƙuli saboda murna. Na ɗauka wahalar ta ƙare.

Na kira Armaya'u na faɗa masa. Ya yi godiya sosai, ya ce katin yana makaranta a cikin durowa, zai ɗauko. Bayan kwana huɗu na kira, ya ce hedimasta ya yi tafiya da makullin ofis. Mako ya zagayo, ya ce ashe ba a makaranta yake ba, yana cikin akwatin takardu a gida, zai duba. Daga nan sai wayarsa ta koyi rashin shiga. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda zai hana ka abu kana yi masa godiya.

Ita kuwa Mahfuza kullum ƙasa take yi. Duk mako ina zuwa, duk mako ina tarar da an rage mini wani abu daga ƙanwata. Kitson da na yi mata ya tsufa ya warware, ba ta ko taɓa shi ba. Abinci sai an tsaya a kanta. In ana hira sai ta tsaya cak a tsakiyar magana ta kasa kunne. Na roƙi Armaya'u ya riƙa kashe babur ɗinsa tun daga kwanar layinsu, ya turo shi da hannu zuwa gida. Ya yi haka kwana shida. A na bakwai ya shigo da shi a kunne har tsakar gida, ta watsar da tiren shinkafar da take tsincewa ta shige ƙarƙashin gado.

Da na yi masa magana cewa ya yi, "Yaya, ni da gidana in riƙa shigowa kamar ɓarawo? Maƙwabta har sun fara tambaya ko mai ne ya gagare ni. Kuma in ana lallaɓa ta haka, yaushe za ta saba?"

Yaransu biyu, Nurain mai shekara shida da Rahma da ba ta cika biyu ba. Wata Laraba da hantsi masu ɗaurin aure suka wuce ta layin a kan babura suna ta hon. Mahfuza ta zabura ta yi ɗaki, ta bar Rahma a gindin murhu. Yarinyar ta dafa murfin tukunya, tafin hannunta ya saluɓe. Tun ranar Hajiya ta kwashe yaran ta mayar da su ɗakinta, ta ce uwar da za ta gudu ta bar ɗiyarta a bakin wuta ba a bar mata riƙo. Mahfuza ba ta yi musu ba. Sai ta riƙa zama a bakin ƙofarta tana kallon su daga nesa, in Rahma ta taho wajenta a kira yarinyar a ba ta alewa.

Katin kuwa da kansa ya kawo kansa. Wata ranar Litinin na isa gidan daidai da dawowar Hajiya daga asibiti, ta karɓo maganin hawan jini da na suga da take sha duk wata. Ta miƙo mini ledar.

"Ke mai karatu, duba mini wanga ƙaramin, sun canza shi. Kahin abinci ne ko bayan abinci?"

Na zazzage ledar a kan tabarma. Tare da magungunan wani kati ya faɗo, mai rufin roba. Na ɗauka na karanta: Mahfuza Armaya'u, matar ma'aikaci. A gefe kuma ga hoto, Hajiya Gambo ce da farin mayafinta, ta ɗaure fuska kamar yadda tsofaffi ke yi in za a ɗauke su. Shekarar haihuwar da aka rubuta ma ta Hajiya ce.

Na ce, "Inna, wannan katin wa ne?"

"Nawa ne mana. Shekara huɗu ke nan ina amsar magani da shi. A asibiti ma Mahfuza suke kira na, tun ina mantawa har na saba." Ta yi 'yar dariya. Wallahi ba ta ga komai a ciki ba.

Na jira Armaya'u a zaure har ya dawo daga sallar la'asar. Na ajiye katin a kan benci tsakaninmu. Ya dube shi, ya dube ni, ya zauna yana gyara hula.

"Yaya, tunda kin gani, bari in gaya miki gaskiya. Lokacin rajista cewa aka yi mata da yara kawai, ban da iyaye. Mahfuza lokacin ko ciwon kai ba ta yi. Inna kuwa kin san jikinta. To ya zan yi? In bar mahaifiyata ba magani, in sa lafiyayyar yarinya a takarda? Ranar ɗaukar hoto sai na tafi da Inna. Ba ni kaɗai na yi haka ba, rabin malaman da na sani haka suka yi."

"Na ji. To yanzu lafiyayyar ta kwanta. Ka je ka gyara."

"In je in ce musu me? In ce shekara huɗu ƙarya nake yi? Aikina fa, Yaya. In aka kore ni, ke za ki ciyar da su? Kuma ranar da aka cire hoton Inna, ranar maganinta ya yanke. Kina so a ce na zaɓi mata na bar uwa?"

"To mu bar inshorar. Zan sayar da injin niƙan gyaɗata, mu buɗe mata kati da kanmu."

Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. "Da wane suna? Mahfuza Armaya'u biyu, mijinsu ɗaya, garinsu ɗaya? Yanzu komai a kwamfuta yake. Ana dannawa asiri ya tonu. Ban da haka ma, ni ban yarda a ɗauki matata a kai ta wajen masu taɓin hankali ba. Gobe Nurain ya girma a ce uwarsa ta taɓa zuwa can. Kuma don Allah a riƙa tunawa, gonar ubana na sayar a kan yarinyar nan. Wani da ya bar ta a dajin."

Wannan gona! Duk inda magana ta biyo sai ta ƙare a gonar nan. Na san ya sayar, na san ta yi masa ciwo, ban taɓa raina masa ba. Amma tun daga ranar ta zama masa garkuwa, ko me ka ce sai ya ɗago ta.

Na kai ƙara wajen mahaifinmu a Batsari. Baba ya saurare ni yana gyaran igiyar awaki, har na gama bai ɗago ba.

"Zuwairatu, mutumin da ya sai da gona don ɗiyata, da wane baki zan tuhume shi? Ki bi a hankali. Kada garin neman magani ki kashe mata aure. Ki bar ma Allah."

Ita kanta Mahfuza da na gaya mata abin da na gani, kama hannuna ta yi. "Yaya, don girman Allah kada ki faɗa wa kowa. In aka kori Baban Nurain saboda ni, ina zan sa kaina? Na riga na ja musu asara."

Haka aka ɗaure ni ta ko'ina, da igiyar da ba a gani.

Bayan kwana goma Armaya'u ya kira ni da kansa, muryarsa har da fara'a, ya ce ya samo mafita. Tunda katin da fuskar Inna yake, Inna za ta je. A faɗa mata duk abin da ke damun Mahfuza, ta je ta faɗa wa likitar kamar ita ce, a rubuto magani a kawo wa mai shi.

"Ai haka ake yi tun da can," in ji shi. "Mace tana gida, a je kemis a faɗi ciwonta a karɓo mata. Har takardar turawar na karɓo, da Inna ta ce musu ba ta barci."

Na ce masa wannan ba ciwon ciki ba ne, kuma matar nan ba magani take bayarwa ba, zama take yi da mara lafiya.

"Haba Yaya, akwai likitan da za a je wajensa a fito hannu rabbana? Ke dai ki raka ta, ke kika san hanya."

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na yarda. Na ce a raina ko ba komai a samo wata shawara, da babu gara ba daɗi. Ni da bakina na zauna na koya wa Hajiya abin da za ta ce: ba na barci, ina jin tsoron ƙarar babur, gabana yana faɗuwa, ina ganin abin kamar yanzu yake faruwa. Tana maimaitawa kamar mai hadda, Mahfuza tana bakin ƙofarta tana jin mu.

Ranar Talata muka yi sammako, muka bi ta Dutsin-Ma muka shiga Katsina. Zaharaddeen ya karɓi kati, ya dubi hoto, ya dubi Hajiya, ya buga hatimi. Har ya gane muryata, ya ce, "Ke ce mai kira daga Batsari? Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ta lafiya." Na ce amin, kaina a ƙasa.

Muka zauna a benci. Can wata mata ta buɗe ƙofa, ba ta wuce sa'ata ba, da tabarau da hijabi ruwan toka, fuskarta a sake. Ta duba takarda ta ce, "Mahfuza Armaya'u." Hajiya ta miƙe tana dafa gwiwa. Ga matar da na yi sama da wata guda ina nema, taku uku tsakanina da ita. Kalma biyar ta isa in faɗa mata gaskiya. Na buɗe baki, na tuna hannun Mahfuza a kan nawa, na tuna Baba da igiyarsa, sai na ce, "Sannu da aiki, Malama." Ta amsa, ta rufe ƙofa.

Awa guda cur suka yi. Da Hajiya ta fito idanunta sun yi ja, bakin mayafinta a jiƙe. Sai da motarmu ta bar gari ta fara magana.

"Yarinyar nan ta iya tambaya," ta ce, tana kallon taga. "Na hwaɗi abin da kika koya mini. Sai ta ce, Mama, tun yaushe barcin ya ƙaurace miki? Ni kuma sai na ji bakina ya ce tun ranar da aka kawo mini Almustapha."

Almustapha ƙanen Armaya'u ne, autanta. Shekara biyar da suka wuce aka harbe shi a gona yana huɗa. Tun da aka yi sadakar bakwai ban ƙara jin ta ambaci sunansa ba.

"Ban taɓa ba kowa labarin yadda na gan shi ba," in ji ta. "Yau na ba da. Ta ce in komo bayan sati biyu."

"Maganin fa, Inna?"

"Babu magani. Magana ce kawai."

Da muka isa gida Mahfuza ta taso har tsakar gida, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta durƙusa ta gaishe da surukarta, ta ce, "Inna, me likitar ta ce in yi?"

Hajiya ta kawar da kai. "Ta ce in abin ya taso miki ki ja numfashi a hankali, ki ƙirga huɗu, ki sake. Ki kuma taɓa abin da ke kusa da ke ki hwaɗi sunanshi."

Abin da ya iso wa ƙanwata ke nan daga Katsina. Ta kuwa riƙe shi hannu bibbiyu. Sau da yawa na same ta a tsugune, tana shafa bango tana cewa, "Bango. Bango. Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Wani lokaci ya ɗan taimaka, yawanci kuwa kafin ta kai uku ta riga ta tafi inda ba mai iya bin ta.

Hajiya kuwa ta ci gaba da zuwa. Duk bayan mako biyu Armaya'u zai kai ta tasha da kansa, ya sa ta a gidan gaba. Hanyar da ya hana matarsa hawa, ga shi ta buɗe wa uwarsa. Kunyar a ce wani nasa yana zuwa wajen masu taɓin hankali ita ma ta bi ruwa, don cewa yake yi Inna tana zuwa ganin likitan hawan jini. Tsohuwa ta fara barci, ta fara cin abinci da marmari, har ta koma zuwa gidajen biki. Ranar nan na ji ta tana ba Nurain labarin ƙuruciyar Almustapha tana dariya.

Ban yi mata baƙin ciki ba, Allah ya sani. Ita ma ashe da ciwonta take yawo shekara biyar, mu muna ce mata mai ƙarfin hali. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, yanzu ta san daɗin abin. Ta san yadda dutse ke sauka daga ƙirji in an samu mai saurare. Na tare ta a ɗakinta na ce, "Inna, kin ga amfaninsa da idonki. Ki ce wa Malama Lubna akwai wata a gida. Ke in kika faɗa, Armaya'u ba zai musa miki ba."

Ta daɗe tana murza carbi. "Na yi niyya, Zuwairatu. Sau biyu ina kai maganar bakina. To in na hwaɗa, ta gane ƙarya na yi mata tun ranar farko, da wane ido zan dube ta? Yarinyar tana ganin girmana. Ga aikin yaron nan. Ki bari in ƙarasa nawa, sai a san yadda za a yi da ita."

Kowa a gidan nan yana da dalili, kuma in ka zauna da shi sai ka ji dalilin nasa da ƙamshin gaskiya. Ɗa yana jin ƙan uwarsa. Uwa tana tsare mutuncinta da abincin ɗanta. Baba yana tsare aure, ni ina tsare amanar da aka ɗora mini. Ba wanda ya zagi Mahfuza, ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba a hana ta tuwo ba. Sunanta kawai aka ara, da kujerar da ya kamata ta zauna a kai, aka bar ta tana ƙirga huɗu a gindin bango. Da duka ne da an ga tabo, da na san ƙofar da zan buga.

Da kaka ta yi, aka gama yankan gero, Armaya'u ya ɗauko shatar mota ya kawo ta Batsari da jakar kayanta guda. Ya durƙusa gaban Baba ya ce ba saki ba ne, Allah ya kiyaye, hutu ne. Ta zauna cikin 'yan'uwanta har ta samu sauƙi, ranar da ta warke shi da kansa zai kawo mata yaranta su koma tare. Yaran suna wajen Inna kafin nan, don kada karatun Nurain ya tsaya. Baba ya yi masa godiya, har da ba shi buhun gyaɗa ya kai wa Hajiya.

A ɗakina na sauke ta. Mako uku ba ta taka ko zaure ba. Ba ta kuka, ba ta tambayar komai, sai in an ambaci Rahma ta juya fuska bango. Na ce a raina yanzu kam tana hannuna, abin da zai faru ya faru. Na yi cinikin injina da wata maƙwabciya, na samu sabis a tsakar gida da hantsi, na kira asibitin. Mahfuza tana zaune a kan tabarma kusa da ni, wayar kuma na buɗe muryarta don kunnena ɗaya ba ya ji sosai.

Zaharaddeen ya ɗauka, muka gaisa. Na ce ina son a ba ni ranar ganin Malama Lubna, saboda Mahfuza Armaya'u. Na shirya in ya tambaya in fasa ƙwan kowa ya huta.

Na ji yana danne-danne. Sai ya ce, "Ikon Allah, ai ba ku da labari? Ranar Alhamis da ta wuce Malama ta sallame ta. Ga shi nan a rubuce: Mahfuza Armaya'u, barci ya daidaita, firgici ya kau, ta samu lafiya. An rufe fayil. Wallahi Malama ta ji daɗinta ƙwarai. Ina taya ku murna."

Kafin in haɗa kalmar da zan fara da ita, sabis ya ɗauke.

Na juyo. Mahfuza ta ɗago kai tana kallona, idonta da wani haske da rabona da ganinsa tun kafin damina.

"Yaya, sunana ya kira ko?"

"Mahfuza, ai kin san..."

"Ya ce a rubuce yake. To ki kira Baban Nurain ki gaya masa. Cewa ya yi ranar da na warke zai kawo mini su."

Ta tashi da kanta ta ɗebi ruwa a buta ta wanke fuska, ta shafa mai, ta ciro hijabinta mai kyau daga jaka. Ta ɗauki 'yar kujera ta kai zaure, ta ajiye ta inda za ta riƙa hango titin da motocin Safana ke shigowa, ta zauna. Na kai mata abincin rana can, ta ce in rufe, za su ci tare da Rahma.

Har aka kira magariba tana wurin.